Ledar Moton Kawu Bukar

Ranar wata Talata ce, ranar kasuwar Diffa, cikin sanyin shekarar 2003. Ina zaune bisa wata tsohuwar taya a rumfar mai gyaran moto, sandar kakata Falmata a hannuna, ita kuma tana kan benci kusa da ni, ta karkata kai tana sauraron kasuwa yadda makafi ke yi. A gabanmu Kawu Bukar, ƙanen Innata, ya tattare babbar rigarsa mai sitati ya durƙusa yana warware leda daga ƙarafan bayan motonsa, waɗannan biyun masu murɗaɗɗiyar waya da ke tsakanin sirdi da taya, masu shanye dukan hanya. Amortisa muke ce musu, mutanen ƙetaren kogi su ce shokazoba. Da yatsu biyu yake jan ledar, a hankali, har da fito da harshe, in ta ɗan yi ƙara sai ya tsaya ya ja numfashi. Na tashi ina kallon mutumin nan, ban taɓa ganin ya riƙe hannun uwarsa da rabin wannan lallami ba. Da ya gama ya ninke ledar ya sa a aljihun gaba, sannan ya ce wa mai gyara ya duba. Shekaruna ba su wuce goma ba a lokacin, amma ko a ranar na san sunan abin da nake ji game da shi. Raini ne, kuma har yau ban sami dalilin sauke shi ba.

Ƙauyenmu yana gaba da Gagamari kaɗan, can inda hanya ke barin kwalta ta gangara bakin Komadugu. Tattasai muka sani, shi muka gada. In kogi ya kawo ruwa Baba ya tayar da injin ban-ruwa da sassafe, mu yara mu bi lambatu ƙafa cikin laka, muna toshe wannan fangali muna buɗe wancan, muna kama ƴan kifayen da injin ya zuƙo. In aka shiga ɗiba kuwa, gari kaf sai ya koma ja: shanya a kan tabarmi, shanya a kan rufin ɗaki, shanya a kan rairayin da aka share tun daga bayan gari har bakin gonaki, ko'ina atishawa. A lakwal, wato makaranta, malaminmu da yatsu yake gane ƴan bakin kogi, don komai wanki jan nan ba ya fita daga farce. In an tashi, ƙawayena su wuce carafke ko su rungumi gora su faɗa kogi, ni in koma bakin aikina, wato Kaka. Yanar ido ta rufe ta tun ina goye, ban san ta da gani ba. Ni ke jan sandarta zuwa gidan suna, gidan gaisuwa, bakin shanya. Amma fa Kaka ba makauniyar zama ba ce. Sai ta ɗauki tattasai guda ta kaɗa shi a kunne, ta ji motsin ƴaƴansa, ta ce wannan da saura, a mayar rana. Abin da ke ranta ɗaya ne, kuma duk shekara in ƙamshin shanya ya bugi hancinta sai ta faɗe shi: "Yagana, in ga jan nan sau ɗaya tak, sannan Allah ya ɗauke ni in ya so."

Kawu Bukar shi kaɗai ne namiji cikin ƴaƴanta, kuma auta, kowa ya san irin tarbiyyar da wannan ke haifarwa. Da kakanmu ya rasu aka ba shi gonar da ta fi kowace kusa da ruwa, wadda ko injin ba ta cika buƙata ba. Bai daɗe da ita ba ya sayar, ya haye Najeriya, ya dawo da moto ja wur. Gonar da ta ciyar da gida tun ba a haife shi ba ta koma abu mai taya biyu da madubi huɗu. A wancan zamani duk wanda ya sayi sabon moto yakan bar ledar da ya zo da ita daga kamfani na ƴan makonni, mutane su gani su yi barka, in ta yage a cire a yar. Kawu shi ya mayar da abin ibada. Leda a sirdi, leda a tanki, leda a fitila, leda a amortisa, in ta yage ya liƙe da salatif, in ta yi dauɗa ya goge da tsumma da ruwan sabulu. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta, moton na nan a naɗe kamar kayan lefen da ba a buɗe ba. Ba ya kabu-kabu da shi, wai ba ajinsa ba ne. Ba ya ɗaukar ko buhu ɗaya na tattasai, wai zai bar wari. Aikinsa shan shayi a gindin dogon yaro, in rana ta yi sanyi ya goya abokai biyu ko uku su yi ta zagaya gari suna danna oda. A gidanmu yake cin tuwo, tuwon da Baba ya noma. In ya zo sai ya kafa moton a inuwa, ko da Kaka ce a inuwar, sai dai a ja tabarmarta gefe. Maganarsa kullum ɗaya ce: "Kar a taɓa, sabo ne." Abin da ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ba shi ne rairayin ƙasarmu ba ya tsoron leda. Ya bi ta ƙarƙashinta ya taru, ya yi ta cin ƙarfen, man da ke cikin amortisa ya tsiyaye sarai, leda kuma ta rufa asiri.

A rediyo muka ji cewa likitocin ido sun sauka Diffa suna cire yana. Baba ya ce lallai a kai Iya, haka yake kiran Kaka. Kawu ya yi zumbur ya ce shi zai kai uwarsa, ba don komai ba sai don ranar kasuwa ce, idon jama'a na nan. Muka hau mu uku yadda muka saba in ya ga damar ɗaukarmu: shi a gaba, ni a tsakiya, Kaka a baya ta zagayo ni da hannuwanta ta riƙe rigarsa. Ni ce tazarar da ke tsakanin fuskarta da kafaɗarsa. Tun daga bayan gari moton ke bugawa, ƙwas, ƙwas, kowane rami sai sirdi ya sauka har ya goge taya. Kaka ta ce, "Bukar, dokin naka ya gurɗe." Ya ce hanya ce ba kyau. Amma da muka shiga Diffa samarin tasha suka juyo suna dariyar ƙarar, kafin in ankara ga mu a rumfar mai gyara, likita kuwa, wato asibiti, sai ta jira.

Mai gyaran wani ƙato ne mai goro a kumatu, ban riƙe sunansa ba, bai kuma cancanci a riƙe ba. Ya danna sirdi sau biyu ya ce sun mutu, duka biyun. Ya shiga ciki ya fito da sababbi, baƙaƙe. Kawu ya dube su ya yatsine fuska, don nasa jajaye ne, launin moton. Aka zagaya kasuwa neman ja ba a samu ba, sai dai a yi saƙo Maiduguri a jira. Ba rashi ya hana shi ba, abin sayen baƙaƙen na aljihunsa. "In na sa baƙi kowa zai san an gyara shi," in ji shi. Mai gyara ya tofar da tuƙar goro ya ce to akwai abin da ake yi wa motocin dako: a zura guntun bututun ƙarfe cikin wayar a liƙe da wuta, ba ƙara, ba sauka, sai dai fa ya zama sanda. "Na buhu ne fa, ba na mutum ba," ya ce, yana dariya yana jawo wayar walda. Fita hakki kawai ya yi da baki, hannunsa bai tsaya ba. Na ga tartsatsi na tashi, Kaka ta shaƙi warin ta tambaye ni me ake ƙonawa, na gaya mata. Da ƙarfen ya huce Kawu ya zaro ledarsa ya mayar, ya liƙe tsaf, ya ja da baya yana kallo, ya ce, "Wa zai ce an taɓa?" Ƴar tafiyar da muka yi daga nan zuwa likita a ƙashin bayana na ji ta. Shi kuwa gogan ya riga ya gano dabara, in ya hango tudu sai ya miƙe bisa ƙafafunsa ya ɗaga ɗuwawu daga sirdi.

Lokotoro, likitan idon, ya haska idanun Kaka da ƴar fitila, ya ce na dama ya riga ya mutu ba abin da za a iya, na hagu ne kaɗai ke da rai a bayan yanar. Shi aka yi wa aiki. Muka sauka gidan Gwaggo Hadiza, yayar Baba, mutanen Damagaram ne masu shago kusa da kasuwa. Ranar da aka cire bandeji ina tsaye gabanta da sandar a hannu, don ban san inda zan ajiye ta ba. Ta yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba, ta ɗaga tafin hannunta ta juya shi gaba da baya, sannan ta dube ni. Ta daɗe. Can ta ce, "Wannan ce Yagana? Kai, ashe haka kike baƙa, ga kunnuwa! Ni duk shekarun nan ina cewa kyakkyawa ke jana." Ɗaki ya kwashe da dariya, ni ina dariya ina kuka. Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa yin irinsu ba. Kaka ta zauna tsakar gidan Gwaggo da baƙin tabarau da aka ba ta, komai sai ta kalla: zanen atamfa, ƙadangare a bango, yadda kaza ke shan ruwa, tsufan hannayenta. Da ƙafarta ta je ta ɗauko buta, ba sanda, ba ni. Gwaggo don ta faranta mata ta kawo tattasai daga shago a faranti, sai Kaka ta kawar da kai da sauri. Ta ce ba wannan ba, na gida take so, a shimfiɗe daga nan har inda ido ya tsaya, ba za ta ɓata kallonta na farko a kan ƴan ƙwayoyi cikin faranti ba. Da za a sallame mu lokotoro ya ja kunne, ya ce ɗinkin ɗanye ne: kar ta sunkuya, kar ta yi daka, kar a girgiza ta a hanya, kar komai ya bugi idon. Ya faɗa da Hausa, wata ma'aikaciya ta maimaita da Barbarci don kar a ce ba a ji ba. Kawu na tsaye a wurin yana kaɗa makulli a yatsa.

Ranar komawa Baba ya zo da amalanken shanu. Ya shimfiɗa katifar Inna a ciki, ya kafa sanduna ya ɗaura zane don rana. Muna fitowa da kaya sai ga Kawu, moto na ƙyalli, sabuwar hula a ka. Ya dubi amalanken, ya dubi matan unguwa da suka fito rakiya, ya ɗaga murya: "Uwata a amalanke kamar buhu? Ina raye?" Baba suruki ne, a wurinmu kuwa suruki ba ya ɗaga murya gaban uwar matarsa, ko ido ba ya haɗawa da ita. Ya tsuguna can nesa, kai a ƙasa, ya ce, "Iya, shanun a hankali suke tafiya." Iyakar abin da kunya ta bar shi ya faɗa ke nan. Ni ba ni da wannan kunya. Na buɗe baki na ce ai an liƙe ƙarafan moton da wuta, mai gyara da kansa ya ce na buhu ne. Kawu ya juyo ya ce, "Ji mini ƴar banza! Me kika sani a moto? Ku duba, ko ledarsa ba a cire ba." Matan suka leƙa, leda na nan kuwa, suka ce sabo ne dal, yarinyar nan ta cika baki. Kaka ta juya idon nan guda ta dubi ɗanta, wanda rabonta da ganinsa tun yana saurayi. Ta san gaskiya na faɗa, da hancinta ta ji warin. Amma tilon ɗanta ne, ga mutane sun zuba ido. Ta ce, "Bari in hau na Bukar, kar a ce na ƙi shi." Na matsa zan shiga tsakiya yadda na saba, ya ture ni da gwiwar hannu, ya ce wadda ta zage shi gaban jama'a ba ta hawa motonsa.

Muka bi bayansu ni da Baba, katifa na kwance ba kowa a kai. Daga Diffa kwalta ce, ba laifi. Bayan Gagamari, inda ake sauka, laka ce da kogi ya janye ya bari, sawun amalanke da kofaton shanu sun bushe a kai sun yi tauri, tudu da kwari. Can muka hango jan moto a gindin wata goriba. Kaka na zaune a ƙasa, tabarau a karye kusa da ita, ta dafe idon da tafin hannu, ruwa da jini na bin tsakanin yatsunta. Ba ta kuka, salati kawai take yi ƙasa-ƙasa. Daga baya ta gaya mana yadda aka yi. Ya hango masu ɗiba a gonaki, ya ƙara wuta don su ɗago su ga Bukar ya dawo da uwarsa. Da suka faɗa sawun nan shi ya miƙe bisa ƙafafunsa, ita ba wanda ya gaya mata, sirdi ya cilla ta sama, ta sauko da fuska a kan ƙashin kafaɗarsa. Shi kuma ina yake lokacin da muka iso? Yana tsugune bayan moto yana shafa amortisa, waldar gefe ɗaya ta ɓalle ta keta masa leda. Wallahi da ya ga Baba, abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne mai gyaran nan macuci ne. Tir! Baba ya wuce shi ya nufi Kaka. Ranar ya ajiye kunya, ya sunkuci surukarsa da hannu biyu ya kwantar a katifa, ya juya shanu muka koma Diffa. Ina zaune a bayan amalanke ina kallon inda muka baro, ga shanyar farko ta ƙauyenmu can bayan goribar, ja zur. Da ta miƙe tsaye kafin abin ya faru, da ta hango ta.

A likita aka ce ɗinkin ya fashe, idon ya tafi. Lokotoro ya yi ta yi wa Baba faɗa, a zatonsa shi ya ɗauko ta, Baba ya sunkuyar da kai ya shanye. Da muka dawo gida a amalanke muka ratsa ta tsakiyar shanya, Kaka ta ce a tsaya. Ta shaƙi iska, ta ce in gaya mata yadda yake bana, na gaya mata iya abin da bakina ya iya. Sannan ta miƙo hannu, na sa mata kan sandar. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa ɗora wa Kawu laifi ba, in an tayar da maganar sai ta ce rabon ganinta ne ya ƙare. Shi kuwa bai yi mako ba ya je ya sayo baƙaƙen amortisan nan, tunda ba yadda zai yi, ya sa aka shafa musu jan fenti, ya naɗe da leda. Ashe abin da ɗan gwangwanin fenti zai iya ne. Wata rana muna zaune bakin shanya na tambaye ta mene ne abu na ƙarshe da ta gani. Ta yi murmushi ta ce, "Ƙeyar Bukar. Hular tasa kyakkyawa ce, ɗinkin Barno."

Yanzu ni ma na yi ƴaƴa, a Diffa nake zaune. Abubuwa da yawa sun bi ta kan ƙasar nan tun daga lokacin. An yi shekarun da aka hana hawa moto gaba ɗaya, an yi shekarun da gonakin bakin kogi suka zama kufai, rumfunan waɗanda suka baro garuruwansu suka jeru a bakin hanyar Gagamari. Goribar nan ban sani ba ko tana tsaye. Kawu Bukar ya tsufa, yana nan. Moton na cikin ɗakinsa, tayoyi sun sace, ledar ta yi rawaya tana marmashewa, amma in baƙo ya shiga sai ya nuna masa ya ce ba a taɓa buɗe injinsa ba. Ina gaishe shi da Salla, don ɗan Kaka ne, ba na kuma ƙarawa a kan gaisuwa. Abin da nake kewa shi ne nauyin hannunta a ƙarshen sanda, da ƴan kwanakin nan na gidan Gwaggo da ta yi tana kallon kaza. Inda aka koma noma, in lokacin ɗiba ya yi na wuce wata shanya, nakan tsaya in daɗe har yarana su ƙosa su ja mini zane. Ba su san kallon mutum biyu nake yi ba.